Gorar Mama Lula

Kwanan baya jikata ta dawo daga makaranta da hular takarda a kanta, an manna mata gashin tsuntsu na roba. Tana tsalle a falo tana ba ni labari da Turancinta mai sauri, wai yau an koya musu tarihin Cherokee, 'yan asalin ƙasar nan, mutanen da suka zauna cikin duwatsu a zamanin da, kafin su ƙare. Na ce, "Wa ya ce miki sun ƙare?" Ta ɗaga kafaɗa ta wuce kicin. Ban yi mata faɗa ba, yarinya ce, abin da ta kwaso shi ta zube. Amma maganar ba gaskiya ba ce. Na ci abinci kwano ɗaya da mutanen nan. Na yi zufa tare da su, na goya jariransu, na tsaya a bakin kabarinsu. Lambar wayarsu tana cikin wayata. Ba wanda zai zo a tsufana ya ce mini sun ƙare in yi shiru.

Na zo garin nan da ƙuruciyata, da goyon fari a bayana. Malam, maigidana, Allah Ya jiƙansa, shi ya riga ni zuwa, ya kama mana haya a gabashin Greensboro, unguwar baƙaƙen fata da ke kewaye da jami'a, inda kowane lungu akwai coci, ranar Lahadi kuma waƙarsu ce ke raka ka wanke-wanke. Mu mutanen Nijar a lokacin ba mu da yawa, kowa ya san tukunyar kowa. In wata ta samu daddawa daga gida, sai ta bi ƙofa-ƙofa tana gutsura. Titin Wendover da yanzu ba ka ganin komai sai manyan kantuna da motoci hanci da wutsiya, da sauran itatuwa da filaye a gefensa. Garin kuma garin masaƙa ne. Ni ma can na samu aiki, a izin, kamar yadda muke ce wa masana'anta a wajenmu. Wanda bai shiga ɗakin saƙa ba ba zai gane ƙarar ba. Injuna ne jere har inda ido ya tsaya, suna bugawa tare kamar mata dubu a kan turmi ɗaya, ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafarka. Ba a jin magana, da leɓe da hannu ake hira. In an tashi, auduga ta kwanta mana a gira da gefen kallabi, 'yan mata su fito da furfurar aro. Ko na kwanta a gida kunnena na ci gaba da bugawa. Yanzu an mai da ginin gidajen haya masu tsada. Na wuce ta wurin, na ga samari na shan kofi da karnukansu daidai inda nake tsayawa ina ɗaura zaren da ya tsinke. Shirun wurin har tsoro ya ba ni.

A bakin matakalar bayan izin ɗin na fara ganin Mama Lula. Gajeriyar tsohuwa ce mai faɗin kafaɗa, da kitso guda ɗaya fari har gadon baya, tafin hannunta kaushi kamar na manomi. Na ɗauka 'yar Meziko ce. Kullum ita kaɗai take cin abincinta, ni ma haka, don Turancina a lokacin bai wuce gaisuwa ba. Wata rana na zo da shinkafa a kwano, na rufe da faifan da na taho da shi daga gida. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙo hannu. Ta juya shi ta baya, ba ta gaba ba, ta bi ɗinkin da farce a hankali. Nan na san ba kallon kwalliya take yi ba. Ta yi mini alama, wa ya yi? Na nuna mata hannuwana. Ta gyaɗa kai ta mayar mini. Washegari ta zo da wani ɗan adudu mai murfi, baƙi da ja da ruwan ƙasa, ta ajiye mini a cinya. Na juya, na juya, ina neman inda aka fara da inda aka ƙare, ban gani ba. Kwando biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, zanen ciki daban, na waje daban, amma saƙa ɗaya ce ba yanke. Na ce a raina, wannan matar ba ta wasa ba ce.

Ni 'yar Gulbin Kaba ce. Tun ban kai tsawon turmi ba nake bin Innata yankan kaba da safe, ƙaya na yagar mana damatsa, mu ɗauro dami mu dawo kafin rana ta yi zafi. Mu shanya, mu tsaga, mu rina da karan dafi, da yamma a zauna gindin bedi ana saƙa ana hira. Inna takan ce hannun da ba ya saƙa, baki ke yi masa. Duk wannan na bar shi a baya, na ɗauka ya wuce ke nan. Sai ga shi a ƙasar da ban san kowa ba, Allah Ya haɗa ni da wata Inna.

Ranar Asabar sai in goya ɗana in tafi ɗakinta, wani ƙaramin gidan haya a bene na biyu wanda ko tukunyar fure ba ta da wurin ajiyewa. A can na koyi aikin gora. Gorarsu siririya ce, kaurinta bai wuce babban yatsa ba, a bakin rafi take fitowa. Za a tsaga ta gida huɗu, a ɓare bayan mai sheƙi, a ɗora a gwiwa a yi ta kankarewa da wuƙa har ta yi laushi kamar kaba. Tana da kaifi fiye da reza, ba ranar da ban koma gida da yatsa a ɗaure ba. Baƙin launi daga saiwar wata bishiya suke samu, jan kuma daga wata 'yar saiwa da in ka karya ta sai ta yi jini. Tukunyar rini na tafasa, tagogi sun yi gumi, mu kuwa muna zaune a ƙasa da ƙafa a miƙe. Da rana ta ba ni wani abinci na garin masara da wake da ake naɗewa cikin ganyen masara a dafa, tsakanin alale da ɗan wake, ba gishiri ko kaɗan. Na kawo yajina, ta ɗanɗana, ta yi tari har da hawaye, daga ranar kuma ba ta sake ci ba yaji ba.

Da Turancina ya fara zama, hira ta buɗe. Ita ma Turancin ba shi ta tsotsa ba, shi ya sa muke fahimtar juna, ba mai gudu. Ta ce ita Cherokee ce, amma sunan da suke kiran kansu Tsalagi. Na maimaita, ta ce duk cikin izin ni kaɗai na faɗa daidai, na ce ai da harafinmu na tsa ya fara. Garinsu na can yammacin jiha cikin duwatsu, neman aiki ya sauko da ita bayan mutuwar mijinta. A wurinsu dangi ta wajen uwa ake bi. Gida na mace ne, 'ya'ya na zuriyar uwarsu ne, kawu ya fi uba iko da tarbiyya. Na yi dariya na ce kada Malam ya ji. Ta ce kakarta kan tashe su da sassafe, ko da sanyi, a gangara kogi a fuskanci gabas a yi wanka da addu'a, don kogi a wurinsu Dogon Mutum ne, kansa na kan dutse ƙafafunsa na cikin teku, yana magana ga mai sauraro. Ban yi mata musu ba, ita ma in lokacin salla ya yi takan share mini gefen ɗaki ba tare da na roƙa ba.

Labarin korar da aka yi wa kakanninsu daga ƙasarsu kuwa, sau ɗaya ta ba ni shi, hannunta bai daina kankara ba. Ta ce sojoji suka zo gida-gida, wasu suna tsakiyar cin abinci, wasu suna gona, aka tusa ƙeyarsu zuwa cikin shinge kamar dabbobi. Daga nan aka kora su yamma da ƙafa, cikin hunturu, tsofaffi da masu ciki da jarirai, ana tafiya ana binnewa a gefen hanya. Dubbai ba su kai ba. Amma ba duka aka kwashe ba. Wasu sun haye can ƙololuwar duwatsu inda doki ba ya hawa, suka rayu da saiwoyi da ɓawon itace. Kakar kakarta na cikinsu, da jaririya a hannu, tana toshe mata baki da nono in sojoji sun gifta. "Daga waccan jaririyar na fito," in ji ta. Ta ce ita kanta tana ƙarama aka kai ta makarantar kwana, aka yanke mata kitso, in ta yi yarensu a cusa mata sabulu a baki. Ta koyi yin shiru da rana, ta riƙa magana da kanta a zuci don kada kalmomin su gudu.

Ranar nan ne ɗana, wanda ya fara zuwa makarantar yara, ya zo yana jan zanena. Na tambaye shi abin da yake so da Hausa, ya amsa da Turanci, ni ma na bi shi da Turancin. Mama Lula ta ajiye wuƙa.

"Da wane baki kika amsa masa?"

Na ce, "Mama, an ce zai rikice a makaranta."

"Mu da sabulu aka cire mana," ta ce. "Ke wa ya sa miki sabulu?"

Ɗana yau da gemunsa, Hausarsa da ɗan karkata, amma da ita yake gaishe ni, da ita kuma nake yi masa faɗa.

Gorar da muke aiki da ita daga McLeansville take zuwa, gabas da gari, inda a lokacin gonaki ne da gidaje jefi-jefi. Wani tsohon Bature manomi ne ya bar ta tana yanka a bakin rafin da ya ratsa gonarsa, ita kuma duk shekara ta kai wa matarsa kwando. Takan ce da can gorar nan ta rufe bakin kowane kogi a ƙasar, mutum kan doki ya shiga ya ɓace, amma shanu da garma suka cinye ta, sai 'yan tsibi nan da can. Tsohon ya mutu, 'ya'yansa suka sayar da gonar. Wata Asabar a ƙarshen sanyi muka je, muka tarar an kafa allon hana shiga, an ɗaura jajayen ƙyallaye a jikin itatuwa, ga katafila biyu a fake a bakin hanya. Mama Lula ta juya tsohuwar a-kori-kurarta, muka koma gari, ta sayo shebur biyu da buhuna, muka dawo.

"Yau ba yanka za mu yi ba," ta ce. "Tonowa za mu yi."

A lokacin takarduna na zama a ƙasar ba su kammala ba, lauya na ta cewa a jira. Malam ya sha ja mini kunne, ko me za a yi, kada in bari wani abu ya haɗa ni da ɗan sanda. Na sani sarai, na kuma karanta allon. Na tuɓe takalmina na shiga laka.

Saiwar gora ba ta nitsewa ƙasa sosai, a kwance take tafiya, tana haɗe da 'yan'uwanta kamar tabarma. Sai ka sara kewaye, ka sa shebur a ƙarƙashi, ka ɗago ta da ƙasarta. Ruwan rafi na cizon ƙafa, bayana kamar zai balle. Mun cika kusan rabin mota sai ga wata farar mota ta tsaya, wani mai hular kwano ya fito, shugaban masu aikin filin.

"Me kuke yi a nan? Ba ku ga allo ba?"

"Na gani," in ji Mama Lula. Ba ta ɗago ba.

"An sayar da filin nan."

"Na ji. Me za ku yi da gorar?"

"Wace gora? Wannan ciyawar? Katafila za ta bi ta kanta."

"To abin da za ka ture ka ƙone nake rage maka. Sannu ya kamata ka ce mini."

Ya ce mu zube abin da muka ɗiba mu fita, ko ya kira 'yan sanda. Ta ci gaba da sara. Ya koma motarsa ya ɗauki waya. Sai ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

"Bi ta bayan itatuwan can ki hau titi, akwai coci, ki jira ni a wurin. Na san zancen takardunki."

Wallahi ƙafafuna sun so tafiya. Na tuna ɗana da na bari wajen maƙwabciya, na ga kaina cikin jirgi an kore ni gida ba shi. Amma na dube ta, tsohuwa cikin laka har ƙauri, kitsonta ya jiƙe, ita kaɗai a gaban ƙaton nan. A gulbinmu, in kun fita yankan kaba tare, tare kuke dawowa, ba a barin tsohuwa da dami. Na ce, "Mama, riƙe can, wannan ta kusa fita." Na taka shebur.

Ɗan sandan da ya zo yaro ne, bai fi sa'ar ƙanena ba, da faffaɗar hula. Ya saurari mai hular kwano, sannan ya gangaro yana kaffa-kaffa da takalminsa.

"Uwa, ajiye shebur ɗin."

"Bari in gama da wannan. In na bar ta rabi a waje mutuwa za ta yi."

"Ba roƙonki nake yi ba."

Ta miƙe a hankali, ta dafa shebur ɗin kamar sanda. Ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Ta ce, "Ɗana, sojoji aka turo wa kakannina, da dawakai da bindigogi, ga ni tsaye. Kai kaɗai ka zo, da biro. Rubuta abin da za ka rubuta."

Mai hular kwano ya ce daga sama, ta koma can ƙasar da gwamnati ta ba su ta yi haƙarta. Sai a lokacin ta dube shi.

"Ba wanda ya ba mu. Ƙasarmu ta gado aka ƙwace, muka tara kuɗi muka sake sayen ɗan abin da muka iya. Nan kuma ban ce tamu ba ce. Masu nan an watsa su tun kafin mu, sunayensu na kan kogunan da kuke tsallakawa. Su ma da gorar nan suka yi kwando. Da suna kusa da su za ka gani yau, ba ni ba."

Ɗan sandan ya juyo wajena ya ce in ba shi katin shaida. Abin da ke jikina katin izin ne kawai. Na goge hannu a zane na miƙa masa. Yana dubawa, Mama Lula ta tako ta shiga tsakanina da shi.

"Wannan 'yata ce. Ni na ce ta tona. A wurinmu, abin da 'ya ta yi da umarnin uwa, uwa ake tambaya."

Ya dube ni, baƙa wuluk da kallabi, ya dube ta.

"'Yarki?"

"Ka ji ni."

Ya ɗan jima da katin a hannu. Ina jin ƙarar rafin kamar a cikin kaina yake gudu. Sannan ya miƙo mini. Ya rubuta wa Mama Lula takardar zuwa kotu, ya ce mu fita yanzu. Mai hular kwano ya ce to kayan da ke cikin motar fa? Yaron ya leƙa bayan a-kori-kurar, ya gyara hularsa.

"Ai kai ka ce ciyawa ce," in ji shi.

Muka kama hanyar gari ni da Mama Lula. Sai ta miƙo hannu ta kama nawa, ta matse, laka da jini duk a haɗe.

Ba ta da ƙasar da za ta dasa, don haka gidanmu muka nufa, akwai wani kwari a bayansa da ruwan sama ke bi. Malam ya fito ya ga mota, ya ga ƙafafuna, na gaya masa gaskiya tun daga farko. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Saboda kara za ki mai da yaro maraya da ranki?" Ya shige ciki. Muka fara sauke buhuna mu biyu. Can sai ga shi ya fito ya naɗe ƙafar wando, ya gaida Mama Lula da ladabi, ya karɓi shebur daga hannunta ya ce, "Mama, zauna. In dai an riga an ɗauko, ba a bar ta ta bushe ba." Shi ya haƙa ramin duka. Mai gidan hayarmu, wata dattijuwa 'yar coci, ta leƙo ta ce mu dasa, dama kwarin na cin bayan gidan. Kotu ta ci Mama Lula tara, ta biya, ta ce ba ta taɓa sayen gora da araha haka ba. Kafin mako ya zagayo an share bakin rafin can tas. Yanzu gidaje ne iri ɗaya a jere, rafin ma an sa shi cikin bututu.

Gorar ta yi kamar ta mutu. Shekara ta zagayo ba abin da ke tsaye sai 'yan tsinke masu rawayar ganye, Malam na tsokanata da gonar Hajiya. Mama Lula ta ce in ƙyale ta, aiki take yi a ƙasa. Sai da yara suka tasa, muka sayi gidan, takarduna suka fito, sannan ta yi kaurin da za a iya tsagawa. A lokacin izin ya fara sallamar mutane, hannun Mama Lula kuma ya fara karkarwa. Ita ta yanki ta farko, ni na riƙe mata.

Da ta bar aiki mu muka kai ta gida, ni da Malam. Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba, duwatsu kore shar, hazo na tashi daga cikinsu kamar ana girki a ƙarƙashi. Allunan titi da rubutunsu, haruffan da ta ce wani mutum nasu ne ya ƙirƙira da kansa, bai taɓa shiga aji ba. Muka tarar ana wasan ƙwallonsu na sanduna, wanda suke kira ƙanen yaƙi, samari ba riga ba takalmi suna kokawa cikin ciyawa, tsofaffin mata na ihu daga gefe kamar a filin dambe. Ta nuna mini wata makaranta da aka buɗe inda ba a yi wa yara magana sai da yarensu, ta ce can za ta riƙa zuwa tana zama da su, tunda masu jin yaren tun daga nono sun kusa ƙarewa. Da za mu taho na yi mata ban kwana. Ta ce a yarensu babu kalmar rabuwa, sai dai a ce sai mun sake haɗuwa. Na ce mu ma haka, sai wata rana. Ta ce to ashe shi ya sa jininmu ya haɗu.

Mun sake haɗuwa sau da yawa kafin ta rasu. Na je jana'izarta, na tsaya daga baya da mayafina, aka yi waƙoƙin coci da yarensu, har da yaran makarantar nan. A wurin jikarta Dina ta neme ni. Malamar makaranta ce, ta gaji hannun kakarta. Ta ce Mama Lula ta bar mata wasiyya da baki, cewa akwai gorarsu a Greensboro, a hannun 'yarta. Tun daga nan duk sanyi sai ta zo. Mu yanka, mu tsaga, in dafa mata shinkafa da miyar kuka. Bara ta ce gora ta yi musu ƙaranci a can, masu saƙa na tafiya har wata jiha nema, suna so su dasa sabuwa a bakin koginsu. Muka tono mata saiwa cike da bayan mota. Gwiwata ba ta barina taka shebur yanzu, a kujera na zauna ina nuna inda za a sara.

Unguwarmu ta canja. Tsofaffin maƙwabta sun mutu, 'ya'yansu sun sayar. Kullum sai an buga mini waya, wai ana son sayen gidana. Ɗana ma ya shigo cikin maganar tun bayan rasuwar Malam. Yana so in koma wani sabon gidan haya kusa da shi a gefen Wendover, mai lif, ba shara ba yankan ciyawa. Na san tausayi ne. Ran nan ya zo da wani mutum mai sayen gidaje, suka zaga, mutumin ya tsaya a bayan gida yana kallon gorar, ta fi rufin ɗaki tsawo yanzu, iska na kaɗa ta. Ya ce gida ya yi, wannan dajin kuma kwana ɗaya ya isa a share shi. Na ce ɗana ya raka baƙonsa mota.

Ya dawo ya durƙusa gefen kujerata.

"Mama, ki duba lafiyarki. Gora ce fa kawai."

Na ce, "Na ji. Ina nan har a fitar da ni a kwance. Ranar da aka fitar da ni, gida naku ne, ku sayar wa wanda kuka ga dama, ban hana ba. Amma kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka kira Dina ta zo da babbar mota. Kai za ka riƙe shebur. Ku kwashe ta kaf, ko gaɓa ɗaya kada ku bari."

Ya ce, "To mai sayen fa?"

"Sai ya sayi rami."